Wanda Ya Tare Mana Ruwa a Madabo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Yaya aiki? Inna tana gaishe ka.

Wata uku famfonmu bai ɗiga ba, ana ta cewa kogi ya janye. Da na je suna Tamburawa, na ga kogin da ake jawo mana ruwa cike maƙil! Na sa mai gyara ya bi bututun. Ashe sabon maƙwabcinmu ne ya karkatar da shi gidan wankansa.

Na same shi, wai, "Hajiya, ba ga 'yan garuwa ba?" Alhali har taimama Inna ta yi!

Mai unguwa ya sa an mayar jiya, amma har yanzu ban iya amsa gaisuwar mutumin ba. Taya ni addu'a zuciyata ta huce. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza