Lakar da Pak Hardjito ya zubar

Semarang, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanwata Ratri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kuma sanyin Japan bai takura muku ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma soya tempe, wainar waken nan, da kanta, wai namu ba gishiri.

Ratri, da zuciya a tafashe nake rubuto miki. Kin tuna lakar da marigayi mijina Mas Sudarmo ya haƙo daga ƙarƙashin tekun Makassar, a tafiyarsa ta ƙarshe? A cikinta muke tsintar ɓawon 'yan halittun nan da ba su kai ƙwayar yashi ba, mu auna oksijin ɗin jikinsu, mai nauyi da mara nauyi, mu san zafin teku shekaru dubbai da suka wuce. To ina gida ina takaba, Pak Hardjito, shugaban sashenmu na bincike, ya sa aka kwashe ta daga ɗakin sanyi aka zubar a juji. Da na tare shi sai ya yi dariya, wai ai laka ce, in damina ta sauka zai cika mini bokiti a bayan ofis. Ni zai gaya wa haka! Na san abin da yake tsoro. Abin da mijina ya fara gani a ɓawon nan ya ƙaryata littafin da ya ba Hardjito kujera, inda shi Hardjito ya ce tekun bai ɗumama ba a wancan zamani.

Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ya manta tun a jirgin ruwan haƙar ake tsaga lakar biyu, kuma jirgin na Japanawa ne. Ɗaya rabin yana ma'ajiyarsu, kusa da garinku, sun kuma yarda su ɗibar mini. Don Allah ki karɓo, ki zo mini da shi da hannunki in za ku zo salla, don duk kayan da aka aiko ta ofishin Hardjito suke bi.

Inna ta ce in bar shi da Allah. Na ce mata na bar shi, amma a taron masana na baɗi zan karanta sakamakon da sunan mijina a sama. Na kuma roƙi a ba Hardjito shugabancin zaman. Da bakinsa zai kira ni, ya zauna ya ji har ƙarshe.

Ki gaishe da mijinki Bagas da 'yata Kinanti. Inna da Gwaggo Sumirah suna gaishe ku.

Yayarki,
Wulan