Na Saita Na'urata da Wutar Gidanmu

Dogarawa, Sabon Gari, Zariya.

Zuwa ga Yaya Mordecai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal, Allah ya ƙara kiyaye ku. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma gonarsa ta Zabi, duk da an hana shi.

Yaya, na kasa faɗa maka ta waya, shi ya sa na rubuto. Aikina na gama digiri bai wuce ba. Ka tuna na'urar auna ƙarfin wuta da nake haɗawa? Ƙaramar taransifoma ke sauke wutar soket zuwa bolt tara, rezista su ƙara rage ta. Wutar soket hawa take tana sauka har ƙasa da sifili, maikurokontirola kuwa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sifili zuwa biyar kawai take iya karantawa, don haka na ɗaga tsakiyar zuwa biyu da rabi. Sai da na ƙona ɗaya kafin na gane haka. Wautar a wajen saiti na yi ta. Ba ni da mitar da zan gwada ta da ita, sai na jona na'urar a falonmu, na rubuta mata cewa abin da take gani 220 ne, yadda littafi ya ce. Ni da na tashi a gidan da fanka ke juyawa kamar mai gyangyaɗi.

Ranar Talata a jami'a a Samaru, gaban malamai biyar, aka jona ta a wutar janareta, ta nuna 316 maimakon kamar 230. Ɗayansu ya tambaye ni ko fitilun ɗakin sun fashe ne bai lura ba. Washegari Oga Chuks, mai sayar da kayan lantarki a Sabon Gari, ya ara mini mitarsa. Ashe wutar gidanmu 160 ce. Gyaran bai ci minti biyu ba, amma an riga an miƙa sakamako, sai baɗi. Abokan karatuna za su tafi bautar ƙasa, ni zan ƙara shekara guda ina zaryar Samaru. Kunya ta ishe ni, kuma ban ga ƙofar fita ba.

Su Baba ba su sani ba. Don Allah ka kira Baba kafin Lahadi, kai yake saurara. Jiya Mama ta ba fasto sunana don addu'ar godiya a gaban jama'a ranar Lahadin, wai na gama karatu. Ina tsaye kusa da ita ta ba shi.

Ka gaida mini Anti Lovelyn da Kingsley da ƙaramar Lucia.

Ƙanwarka,
Diana