Dajin Baba Mode Ba Na Gawayi Ba Ne

Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Sirajo, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariyatu da yara. Mu nan lafiya lau muke, ƙafata ma ta yi sauƙi, yau ma da kaina na je kasuwa. Babban labari shi ne ɗiyarka Shamsiyya ta sauka lafiya, namiji, kuma sunanka anka sa masa. To ka yi takwara, sai ka fara neman rigar yaro. Na zaɓi in rubuto in ba Muntari, da zai zo Kumasi, ya kawo maka ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, tun kana ƙarami haka kake.

Saƙonka ya iso, cewa masu gawayi sun taya kasonka na dajin da Baba Mode ya bar mana can bayan Wamakko, kana son in tsaya maka a yi ciniki. Ban manta ba, kashi biyu naka ne, ɗaya nawa, kuma tabkin cikin naka ya faɗa. Amma shekara goma sha biyar rabonka da wurin, ni kuwa jiya na dawo daga can bayan kwana arba'in, don haka ka saurare ni.

Ka tuna irin faɗan da na yi lokacin da Shamsiyya da mijinta Bashar sunka roƙe mu mu bar su su zauna can. Na ce mun kashe ƙarfinmu ta yi karatun gandun daji don ta samu ofis, ba don ta koma maƙwabciyar birai ba. Shekara takwas ban taka wurin ba. In mata sunka tambaye ni inda take, sai in ce tana wajen Wamakko, in canza magana. Wanga karo ta ƙi zuwa gida wankan jego, ta ce lokacin cire zuma ne ba ta barin Bashar shi kaɗai, dole ni na bi ta. Inda mota ta tsaya, sai da munka ƙara tafiya mai nisa bisa babur. Da na sauka, wallahi ga abin da na iske: ɗaki uku, rijiya, faifan sola bisa rufi, sai itace ta ko'ina, sarƙaƙiya har kusa da ƙofa.

Nan na yi aikin da har yau nake jin kunyarsa. Na duba na ce a'a, dangin miji za su zo suna su iske ɗiyata cikin ƙunci kamar marar gata? Ga kuma ruwan wanka safe da yamma, ka san icen da jego yake ci. Sun tara min busassun rassa, na raina su. Ranar kwana huɗu, Bashar ya tafi kai zuma, sai na aika ƙauyen da ke kusa anka kira min maza biyar da gatura, na ce a share daga ƙofa har bakin tabki, a kuma kayar min da wata babbar ƙirya da ke wurin a faskara. Ni a zuciyata gata nake yi mata.

Ƙiryar na faɗuwa sai ga Shamsiyya ta fito, mai jegon kwana huɗu, ko takalmi babu. Na daka mata tsawa ta koma ɗaki kafin iska ta shige ta. Ba ta ɗaga min murya ba, ka san ta. Ta wuce ta tsaya gaban ice na biyu, ta roƙi mutanen su aje gatura, ta ce in dai sai an sare to a fara da ita. Sannan ta kama hannuna ta kai ni inda anka share, ta nuna min ƙwan zabin daji sha ɗaya, an tattake su duka. Ta ce shekara uku sunka yi suna hana farauta da kiwo a wanga gefe kafin zabin su yarda su dawo. Ta ce ƙiryar kuwa ta girmi Baba. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Daga ranan na rufe bakina na buɗe idona. Da busassun rassan da na raina munka yi wankan har arba'in, ba su ƙare ba. Kullum da sassafe nakan zauna bayan ɗaki da tasbaha. Sirajo, na ga gada da ɗanta suna shan ruwa a tabki, abin da rabona da gani tun muna yara. Na ga beguwa, na ga dila, ga gauraka biyu da ba su rabuwa. Birai kuwa ɓarayi ne marasa kunya, sun sace min goro har sau biyu, na biyun ina kallo. Amya tamanin ke rataye cikin itatuwan, da zuma da ƙaro suke ci suke sha, ba su roƙon kowa. Matan ƙauye na zuwa neman sassaƙen magani, ita ke nuna musu yadda za su ɗiba ba su kashe icen ba. Dattawan wurin, masu furfura, Malama suke ce mata. Na san ba a san uwa da yabon ɗiyarta ba, amma yau na aje kunya: ina alfahari da yarinyar nan, alfahari mai yawa. Yanzu duk wadda ta tambaye ni, cewa nake tana dajin Baba, ita ke riƙe da shi.

Masu gawayin nan ƙirya da marke suke so, kuma cikin kasonka sunka fi yawa. Ba su wata uku za su mai da wurin fili. In itatuwan bakin tabki sunka tafi, ƙudan zuma za su tashi, dabbobi su watse, zaman Shamsiyya ya ƙare. Ita ba za ta roƙe ka ba, ta ce haƙƙin Kawu ne. Ni nawa kason na riga na ba ta gaban shaidu. Kai ban ce ka bayar ba, na san kana da nauyin iyali. Bashar ya ce a shirye yake ku yi magana ku biyu a kan zumar da ake samu a gefenka.

Ka gaida Mariyatu da kyau, ka gaida Nabila da Auwalu, ka ce su dage da karatu. Mairo da Siddiƙu suna gaishe ka, haka Shamsiyya da mijinta.

Abu guda ne ba zan yi maka ba, ko da za ka yi fushi: ba zan tsaya maka a wanga ciniki ba. In ka ƙudura sai ka sayar, ka zo da ƙafarka, ka tsaya gaban ɗiyarka a sare kana kallo. Ni na tsaya sau ɗaya, ya ishe ni har in mutu.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Atika.