Sunan da Jibrin ya kawo gida

Umbadda, Omdurman

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya su Talatu? Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Mijina Jibrin yana nan yana aiki a garejin unguwar Alshajara, abinci bai yanke mana ba.

Sai dai maigidansa ba ya kiran sunansa, sai "ya Fallati", kalmar raini da ake jifan mutanenmu da ita a nan Sudan. Ranar Laraba ya haɗa masa da mari a gaban ma'aikata, aka yi dariya. Jibrin ya ci gaba da aikinsa, don in ya tanka aikin ya tafi.

Da ya dawo na ajiye masa tuwo, sai ya ce, "Ɗauke, Fallatiya." Na ce, "Malam, ni da kai ba gari ɗaya muka fito ba?" Sauran ba sai na faɗa ba. Kafaɗar ta yi sauƙi, har ina ɗaukar tulu.

Kada Baba ya ji. Ki aiko mini da daddawa, ki kuma sa mu a addu'a. Ya ba ni haƙuri, Inna. Amma yanzu da ya shigo sai in dubi fuskarsa, in gane abin da aka ce masa yau.

'Yarki,
Sakinatu