Asibiti Na Ta Kiran Yaron Auta

Yaya,

Ka taɓa ganin uwa tana karanta saƙon "ki kawo ɗanki allura" bayan an binne ɗan? To, zo gida ka gani. Gaisuwa kuma, ina gaishe ka, don kada a ce ban da tarbiyya.

Manhajar da ka rubuta wa asibitin yara ce ke aiko wa ƙanwarmu Auta wannan saƙon. Ban yi jami'a ba, amma na karanta aikinka a tsohuwar kwamfutar da ka bar min. Wani umarni a cikin manhajar yana tura saƙo, ya sa rana, ya sake kiran kansa. Ba ya tsayawa sai ya ga an rubuta yaro ya rasu. Nas ta rubuta, a gabana. Amma manhajarka kwafi take ba ta, rubutun bai taɓa ainihin bayanin yaron ba. A wurin umarninka yana raye, har girma yake yi.

Ka gyara. Na bar ka lafiya.

Ƙaninka

Ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Allah ya ba Auta haƙuri.

Abin da ka gano haka yake. Sai dai kwangilarmu ta ƙare, kamfanin ya watse, an karɓe mana izinin shiga. Na kira asibitin, sun ce mai kula da na'urar ya bar aiki. Ku toshe lambar a wayarta. Ka rage zafin kai.

Ka gaida Mama.

Yayanka

Yaya,

Gaisuwa. Sannu da shawara, injiniya! Ka ɗauka ban gwada ba? Na ɗauki wayar Auta tana wanki, ta taso da kumfa a hannu ta fizge. Ta ce, "Duk gidan nan kun daina faɗin sunansa. Su kaɗai suka rage."

Jiya wani saƙon ya shigo, wai yaro ya isa awon nauyi. Ta ninke masa riga.

Na san layin da ya lalace a rubutun manhajar, Yaya. Layi ɗaya ne, kuma ba ni da hanyar taɓa shi. Ko da ina da ita, yanzu ban san ko in taɓa ba.

Kada ka sake rubuto min. Ka zo ka tsaya a tsakar gida, gaban Mama da Auta da mijinta, ka faɗa mana da bakinka: a kashe saƙon, ko a bar mata?

Ƙaninka