Allon Korneel

Lahadi, 15 ga Oktoba

Tseren kekuna na bana ya ƙare. A gidan nan ranar goge allon kicin ke nan, a sake jera gwanaye goma na tseren kwanaki. Shekara goma sha huɗu mijina Achiel da ɗanmu Korneel suna wannan shirme, har miya ta huce. Na sha gaya musu bautar gumaka ce.

Yau Achiel ya ɗauki tsumma, ya tsaya, ya ajiye. Rubutun bara na Korneel ne.

Talata, 17 ga Oktoba

Sunaye tara. Na goma fili. Na tuna ranar: "Wannan wurina ne, Mama, ina zuwa." Na ce ya fara neman wurinsa a coci. Ya yi dariya, ya saci wainar shinkafa daga faranti.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Da hantsi ina shanya na ji ƙarar tayar keke a gareji, tik-tik-tik, irin ta wanda ya daina taka feda. Na leƙa. Keken Korneel yana rataye, ba ya motsi.

Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na ce wa Achiel matacce addu'a yake bukata, ba alli ba. Idan ba zai goge ba, ni zan goge. Ya ce, "Goge mana, uwar coci. Ga tsumma." Bai ɗago kai daga jarida ba.

Ranar da Korneel ya faɗi a gangaren dutse ya rasu ma Lahadi ce. Kwana na huɗu cikin biyar na tseren. Ya roƙe ni in tsaya a bakin hanya in miƙa masa jakar abinci, sau ɗaya dai. Na ce ba na fasa coci don keke. Har yanzu ina ganin daidai na yi. Ina gani.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Mun kai furanni makabarta. Da muka dawo na jiƙa tsumma. Na kai hannu kan na ɗaya, sai maganarsa ta dawo: "Mama, gwanin tseren kwanaki ba wanda ya ci yau ba ne. Wanda ya tashi gobe ya sake hawa ne."

Na goge tebur.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na sayo wani allo, don rubuta cefane. Achiel ya rataye shi kusa da tsohon, kafin in juya ya fara jera sunaye. Ya sa wani ɗan Sifen na biyar. Na ce wauta ce: mutumin da ya yi mako biyu yana hawa dutse da karyayyen haƙarƙari, na uku ne ko ba komai.

Ya dube ni. "Ke a ina kika gani?"

Na ce guga nake yi, talabijin ɗin a kunne take.

Na goma mun bar shi fili. Allin ne ya ƙare.