Addu'ar da Ban Ƙarasa Ba

Ƙofar Kware, Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga sanyin can. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi. Yayarka Adawiyya ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Balkisu.

Mutanen ofishin jakadancin ƙasar da kake karatu sun zo, kamar yadda ka ce: mace ɗaya, da mai ɗaukar hoto, da wani tafinta Bakano. Wai bidiyo suke haɗawa na iyayen ɗaliban da suka ɗauki nauyinsu, don Hausawa su gani a waya irin son da ƙasarsu take yi mana. Tafintan ya ja ni gefe, ya ce ana duba irin wannan haɗin kai idan za a sabunta maka tallafin shekarar ƙarshe. Na gane.

Na gaishe da matar da harshensu, wanda na koya can lokacin da ni ma suka ɗauki nauyina. Ta yi murmushi, ta ce Hausa suka fi so. Suka ce in cire tabarau, in bar kujera in zauna a tabarma. Har ragon maƙwabcinmu Maccido aka jawo aka ɗaure a bayana. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. A zamanina mujalla ce, aka ɗauke ni hoto da hular kwano a bakin madatsar ruwa. Da buƙatarsu ta koma wani wuri, ko amsar wasiƙata ban ƙara gani ba.

Daga ƙarshe aka ce in yi musu addu'a. Na ce Allah shi saka masu, na yi shiru. Tafintan ya jira, ya dube ni, na dube shi. Sai ya gaya mata na sa musu albarka. Ta ji daɗi ƙwarai. Bayan sun tafi, mahaifiyarka ta ce daga ɗaki ta ji ban ce da alheri ba. Na ce mata ba mantuwa na yi ba.

Idan ka ga bidiyon, kada ka gyara musu fassara. Ka riƙe karatunka kawai. Ranar da ka shigo gidan nan da takardar shaidarka a hannu zan ƙarasa musu addu'ar, idan ina raye.

Mahaifiyarka da Adawiyya da kawunka Jinaidu suna gaishe ka. Ka gaida abokin zamanka Mu'az.

Mahaifinka,
Ladan.